Katunan Yacouba Huɗu

Yacouba mutumin Maraɗi ne. Shekara goma sha ɗaya yana sayar da huluna, tabarau da cajar waya a kan tebur a bakin titin Fordham, nan Amirka. Ɗaki ɗaya muke kwana a University Heights, mu biyar, gado bisa gado. Ban taɓa ganin mai tsoron bashi irinsa ba. Dala ɗaya ta shayi in ya ara a hannunka, sai ya bi ka har masallaci ya biya.

To ga matarsa Firdaoussi da 'ya'ya biyu can Maraɗi, takardunsu na zuwa Amirka sun fara motsi, kuma ba a kawo mace ɗakin ƙarti biyar. Dole sai gida. Duk inda ya je neman haya sai ejan, dillalin gidaje, ya tambayi kiredit, wato makin da ake ba mutum a ƙasar nan in yana cin bashi yana biya. Yacouba ba shi da ko ɗigo. Ya buɗe musu ambulan cike da tsabar kuɗi, ko kallo bai ishe su ba.

Ni na zaunar da shi. Na ce ya karɓi katin bashi na banki, ya saya da shi, ya biya kaf kafin kuɗin ruwa ya hau, riba ba za ta taɓa shi ba. Sai da ya je wajen liman sau biyu kafin ya yarda. Kati ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama huɗu. Ɗaya na kuɗin jirgin ƙasa, ɗaya na waya, ɗaya na sarin kaya, ɗaya na cefane. Kowanne da ranar biyansa, ya zagaye su da jan biro a kalandar lokutan salla. Shekara uku yana wannan bauta. Mutum ya wuni tsaye cikin sanyi, ya dawo ƙafa a kumbure, ya hau lissafin bashin da bai taɓa buƙata ba. Ya rame, wallahi har tausayi yake ba ni. Amma maki ya haura ɗari bakwai, ya isa a ba shi haya.

Sai Allah ya kira shi Hajji. Kun san al'adarmu, mai tafiya Makka sai ya sauke duk nauyin da ke wuyansa. Yacouba ya biya katunan tas, wannan daidai ne. Sai kuma ya bi bankunan ɗaya bayan ɗaya ya ce a rufe, don shi a ganinsa kati a buɗe bashi ne a buɗe. Wata ma'aikaciya ta yi ta lallashinsa ya bar ko guda, ya ɗauka jarrabawa ce. Ni da na koya masa, bai gaya mini ba! Abin har yau yana ci mini rai.

Daga Makka ya wuce Nijar, ya yi wata tara yana jiran bizar iyali. Ya sauka da su da murnarsa, ga gida mai ɗaki biyu ya gani a Concourse Village. Na raka shi. Ejan ya daɗe yana duba kwamfuta, sannan ya ce babu maki, ko mai kyau ko maras kyau. Wai an daɗe ba a ji motsin Yacouba a bankuna ba, makin ya goge, sai ya sake daga farko.

Yanzu Firdaoussi da yara suna raɓe a falon ƙanwar babarta Ramatou a Flatbush, shi yana nan kan gadonsa a samana. Ran Lahadi yake shiga jirgin ƙasa zuwa wurinsu, awa ɗaya da rabi, ya zauna a kujerar baƙi ya sha shayi. Makon jiya ta rako shi bakin ƙofa, ya ce ko fuskarsa ba ta kalla ba, ta ce masa:

«Malam, can Maraɗi in an tambaye ni mijina, ina cewa yana Amirka. Nan mi zan ce?»