Katin da Ke Ƙarƙashin Cinyar Baba

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, har malamin auduga irina ya sayi babur. Ina aiki a Faskari, amma ran kasuwar Ƙanƙara ba ta wuce ni. Bayan azahar nakan tsaya gindin tsamiyar bayan tasha, inda direbobi ke karta. Ba na yi, kallo kawai. Dokar wurin ɗaya ce: ɗan kallo ba ya magana.

Mai raba katin ƙanen surukina ne, tsohon direba. Shi ya samo mini aiki, shi ya shige mini gaba wajen neman aure. Baba nake ce masa.

Wata rana wani manomi daga Pauwa ya sayar da bijiminsa ya zauna cikinsu. Sai ci ake yi masa, yana dariyar yaƙe, yana cewa kuɗin takin bana ne fa. Daga inda nake tsaye na ga Baba ya zare kati daga ƙarƙashin cinyarsa ya cusa wani. Na kau da kai. Aka sake rabawa, ya sake yi.

Na ce, "Baba, akwai kati ƙarƙashinka."

Bai musa ba. Ya ɗaga cinya, ya ajiye katin a tabarma, ya tura wa manomin abin da ke gabansa. Manomin ya kwashe ya tafi, ko kallona bai yi ba.

Wani direba ya ce, "Kai mi ya kai ka? Ba ka san dokar wurin ga ba?"

Ni suka kora, ba shi ba. Da na gaya wa matata, ta ce, "Gaskiya ka faɗa, amma ubana ne ka tsiraita."

Baba ya daina amsa gaisuwata. Da ciwo ya kwantar da shi a Sabuwa na je dubiya, na durƙusa bakin gado. Ya daɗe yana kallon rufi.

Ya ce, "Da ka ja ni gefe."

Na ce, "Kafin a tashi, Baba, da mutumin ya rasa komai."

Ya ce, "Haka ne." Ya juya fuska bango.

Damina ba ta ƙare ba ya rasu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.