Gwaggo Saude, Duba-garin Unguwarmu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Alhamis, sha tara ga watan Afrilu, 1973, kwana kaɗan bayan Mauludi, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Saude mai sabulun salo, ta unguwarmu a Sabon Birni. Ta cika da hantsi bayan gajeriyar jinya ta amai da gudawa, aka yi mata sutura kafin la'asar. Ta bar ɗa guda, Lawwali, da jikoki. Ni ba jininta ba ce. Katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nata, amma tun da na iya magana Gwaggo nake ce mata.

Gwaggo, kin san ba ni da baki a gaban manya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekarar da na ci jarrabawar shiga makarantar 'yan mata a Sakkwato, mata da yawa sun zo yi wa innata jaje kamar an yi mata asara. Ke kuwa kika shigo da curin sabulu da ƙuli-ƙuli a ƙulle cikin tsumma, kika ce, "Kadijatu, tahi ki yi karatunki. Amma ki dinga cuɗa wuyanki, kar a ce Gobirawa ba su san ruwa ba." Duk hutun da na dawo, sai kin duba faratana kafin ki tambaye ni sakamakon jarrabawa.

Kullum bayan sallar asuba kina share lungunmu daga bakinsa har ƙarshensa, har ƙofar waɗanda ba su taɓa ce miki sannu ba. Wanda ya zubo ruwan wanka a hanya zai ji daga gare ki, haka wanda ya bar akuyarsa tana shiga gidajen mutane. Don haka yara suka laƙaba miki Duba-gari, sunan ma'aikacin hukuma da ke zagaya gidaje yana duba tsabta. In sun kira ki da shi, sai ki ce, "Da ni ad duba-gari, da uwarka ta gaji da biyan tara." Su yi dariya, ki ba su gyaɗa.

Daminar bara ba ta yi ba. Gero ya bushe a tsaye, rumbuna suka ƙare tun kafin sanyi ya wuce, gidaje da yawa suka koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da ake ci a lokacin yunwa. Makiyaya suka riƙa shigowa gari ta hanyar Gatawa da shanun da in sun kwanta sai an taru an ɗaga su, suna sayarwa yadda ta kama. Doka ta ce ba a yanka sai a kwata, can bayan gari, bayan an duba dabba. Amma saniyar da ba ta iya tafiya ba za ta kai kwata ba, in ma ta kai ba za a yarda da ita ba. Sai Ɗanmusa mahauci ya fara yanka a kangon da ke jikin rijiyar unguwarmu. A bakin rijiyar ake wanke tumbi da hanji, ruwan wankin yana bin tsagar da ke gindinta yana komawa ciki. Aka kafe fatu a ƙasa ana shanya. Ungulaye suka mayar da katangunmu wurin zama, ƙudaje suka hana kowa cin abinci a tsakar gida.

Kowa ya ji warin. Amma naman ya fi gero araha, kuma yara sun daina kukan yunwa. Na dawo hutu na tarar da romo a tukunyarmu, na sha, na ƙara.

Ke kaɗai kika ƙi. Kin je wurin mai unguwa Usmanu, ya ce, "A yi haƙuri, Saude, shekara ce ta zo da haka." Kin je wurin Ɗanmusa kika roƙe shi ya matsa nesa da rijiya ko da bai kai kwata ba. Ya ce, "Gwaggo, ko hanta za ni aiko miki?" Kika ce, "Kai wa angulu, su ab baƙinka." Daga nan kika ɗauki sandarki kika taka har ofishin masu duba-gari kika kai ƙara. Ba ki ɓoye wa kowa ba.

Akwai wata daɗaɗɗiyar yarjejeniya tsakanin matan unguwarmu. Gidan da ya fara hango keken duba-gari, sai a ruga turmi a yi lugude mai sauri, gida na gaba ya karɓa, har sautin ya kai ƙarshen lungu. Kafin ya gama gaisawa da maza a ƙofar mai unguwa, an zubar da tsohon ruwan randa, an rufe masai, an kawar da shara. Muna yara wasa muka ɗauke shi. Gidanmu ne a bakin lungu, don haka yawanci daga turminmu ake farawa.

Ranar da Malam Kalilu duba-gari ya zo saboda ƙararki, ni na fara ganin kekensa. Innata ta leƙo, ta ce, "Kadijatu, turmi." Babu ko ƙwayar hatsi a cikinsa. Na san wadda ta kira shi, na san dalili. A makaranta an koya mana abin da ƙazamin ruwa ke yi wa ciki, har na rubuta shi a jarrabawa aka yaba mini. Na ɗauki taɓarya na daka. Turmin da babu komai a ciki ya fi ƙara, Gwaggo. Gidaje suka karɓa ɗaya bayan ɗaya, gidanki kaɗai ya yi shiru.

Kafin ya jingine kekensa an ja fatu cikin zaure, an watsa yashi da toka a kan jini. Ya tsaya yana sauraren turame, ya yi murmushi, ya ce, "Ku kam Allah Ya yi muku albarka. Gari duk yunwa, ku kuna ta daka." Maza suka yi dariya. Bai nufi kangon ba. Ya bi gidaje yana tsoma ludayi a randuna yana neman tsutsa. Da ya iso ƙofarki, ya ga tsibin tokar da kike haɗa sabulu da ita, ya ce ki kwashe ta daga hanya. A duk unguwar, ke kaɗai aka yi wa faɗa a ranar.

Washegari na kawo miki ruwa kamar yadda na saba kowane hutu. Daga rijiyar nan na ɗebo shi, domin sauran sun ƙafe, gulbi kuma ya zama yashi. Kika shimfiɗa farin ƙyalle a bakin randa kina tacewa, ba ki ɗaga kai ba, kika ce, "Ashe hannunki ya iya daka, 'yar boko." Iyakar abin da kika ce ke nan. Na ajiye tulu, ban nemi gafararki ba. Da za ni tafi kika miƙo mini guntun sabulu, kika ce in wanke kayan makarantata tun da wuri.

Ciwon ya fara da Habi, ƙaramar 'yar Ɗanmusa. Mata suka ji tsoron shiga gidan. Ke kika shiga, kika zauna da uwarta, kina ɗura wa yarinyar ruwan da kika tafasa da kanki, kina wanke mata zane. Habi ta tashi, yanzu haka tana wasa a ƙofar gidansu. Ke kika kwanta. Lawwali ya tafi neman malamin asibiti, kafin su iso kin riga kin cika.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Innata ta faɗa mini, malamin unguwa ma ya faɗa wa mata da suka taru zaman makoki, kuma na yi imani da haka. Allah kaɗai Ya san ta inda ciwon ya shige ki. Amma na san hannun da ya ɗebo miki ruwan, na kuma san hannun da ya daka turmin.

Da aka fito da ke, muna cikin gida muka ji liman yana roƙon jama'a, duk wanda kika saɓa wa ya yafe miki. Maza suka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe." Na ji muryar mai unguwa, na ji ta Ɗanmusa. Mu muka yafe miki. Babu wanda zai iya tambayar ki ko ke kin yafe mana.

Bayan sadakar bakwai Malam Kalilu ya dawo, domin wasu gidajen ma sun kamu. Ni na sake hango kekensa. Innata ta dubi turmi, ta dube ni. Na kife shi na zauna a kai, duk da tun muna ƙanana aka hana mu zama a kan turmi. Gidajen gaba suna jiran a fara daga namu, don haka babu wanda ya fara. Ya shigo lungu shiru, ya ga fatu a kafe, ya ga jini a bakin rijiya. Ya daɗe a tsaye, bai yi wa kowa wasa ba.

An mayar da yanka kwata. Maza sun yashe rijiya, sun toshe tsagar. Nama ya bar tukwanenmu, mun koma anza, ƙannena suna tambayar innata ina romo. Akwai matan da ba su amsa gaisuwata yanzu, kuma ban ga laifinsu ba, domin yunwa gaskiya ce. Abin da ke cin raina shi ne yadda abin ba shi da wuya. Kife turmi ne kawai, kuma da na yi shi kina raye.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lawwali da iyalinsa, da danginki na Kamarawa, da duk wanda ya taɓa tashi da safe ya tarar an share masa ƙofa. Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa jinyar da kika yi ta zama kaffara. Ya saukar mana da ruwa mai albarka a wannan damina, Ya ɗauke mana wannan ciwo. Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ruwan da ba ya buƙatar tacewa. Mu kuma da muka ji warin muka yi shiru, Allah Ya yafe mana, Ya sa ke ma ki yafe mana ranar da za mu haɗu. Amin.