Wando Ƙafa Biyu Ne

Ɗana, Allah Ya jiƙansa, mai guga ne a wani shagon wanki. Abokan aikinsa Hawainiya suke ce masa, kuma ba su zalunce shi ba: yakan daɗe kan wuyan riga ɗaya kamar mai yi mata nasiha.

Da aka kawo sabon manaja, sai ya tara su ya ce daga yau kowa zai ga ladan aikinsa. Wanda ya fi kowa yawan guga a wata, fankar shagon guda ɗaya tal teburinsa za ta fuskanta. Wanda ya zo na ƙarshe sau biyu kuwa, ya nemi wani wurin.

Tunda ɗai-ɗai ake ƙirga kaya, nan take hankici ya yi daraja. Magidanta suka riƙa kokawa kan safa da rigunan jarirai. Babbansu, wanda suke kira Kawu, har ɓoye hankici yake a hula. Labule da zannuwan gado da wanduna aka bar wa Hawainiya. Watan farko ya zo na ƙarshe. Matarsa na da ciki lokacin. Ya dawo gida ya ƙi cin abinci, abin da ban taɓa gani ba tun yaye.

Ana gab da ƙarshen wata na biyu ya sami manaja, wando a kafaɗa.

"Yallaɓai, wannan ɗaya ne ko biyu? Ni dai ƙafa biyu na goge."

Manajan mutum ne mai son a ce yana sauraron ma'aikata. Ya juya wandon, ya yi nazari, ya ce biyu ne. Kafin azahar Kawu ya zo da riga yana neman haƙƙin hannuwa biyu da wuya. Wani ya ce zanen gado ai gaba da baya ne. Masu safa, da tun farko suke ƙirga kowace ƙafa daban, suka duƙufa kan gugarsu kamar ba da su ake ba. Aka wuni ana shari'a, masu kaya na jira a ƙofa.

Washegari manaja ya soke ƙirga da kora, ya danna maɓallin da ke sa fankar ta riƙa juyawa. Ya ce kowa ya ci gasar, a bar shi ya huta.

A shagon nan Hawainiya ya ci gaba da aiki har rasuwarsa. Ranar da Kawu ya zo ta'aziyya, ya miƙo mini wandon aikin yaron, a goge, a ninke.

"Malam, biyu ne fa," ya ce.

Muka yi dariya, ni da shi, mutane na kallonmu.