Bokitin Ƙunzugu a Hanyar Dapaong

A shekarar da yajin aiki ya rikita Togo na haifi ɗan farina a Sokode. Ina yin arba'in na ce sai na kai shi Dapaong innata ta gan shi, ko da sojoji sun cika hanya. Ɗoki ya hana ni zama. Na yayyanka tsofaffin zannuwa na yi ƙunzugu, na tanadi bokiti mai murfi don waɗanda zai ɓata.

A mota bisa cinyata nake canza masa, fil a bakina, matar da ke gefena tana riƙe masa ƙafafu. A wani shinge soja ya ce kowa ya sauke kaya, ya nuna bokitina. Na ce na yaro ne, ya ce in buɗe. Na buɗe masa daidai hancinsa. Ya ja da baya ya kore mu, ba a kwance ɗauri ko ɗaya ba.

Da muka tsaya bakin kogi a Mango na ɗauko sabulu. Direba ya tare ni.

"Mai jego, don Allah kar ki wanke. Da sauran shingaye a gaba."