Ranar da Kawu ya kai albasa kasuwar ɓoye

A shekarata ta ƙarshe a jami'a ina haya a Kwalkwalawa, ina bincike kan yadda mutane ke ɓoye sawunsu a intanet. Wata Juma'a na je gida Ƙofar Dundaye da kwamfutata. Bayan la'asar ina aiki a tsakar gida, sai ƙanin mahaifiyata ya shigo. Kawu dillalin albasa ne, kuma a shekarar kaya sun yi masa kwantai. Ya tsaya a kaina, ya nuna allon da yatsa.

"Ɗiyata, mi albasa ka yi cikin abin ga?"

Na ce tambarin wata manhaja ce da ke lulluɓe mutum ɓawo bisa ɓawo, har ya shiga ɓoyayyen sashen intanet, inda ake kasuwanci ba mai sanin wani.

Ya zauna. "Wato Turawa sun buɗe kasuwar albasa, sunka ɓoye muna?"

Na yi bayani har sau uku, bai ji ba. Ya ce sai na tallata masa albasarsa a can. Da na gaya masa wurin akwai miyagu, sai ya ja rawaninsa ya rufe fuska, ido kawai ya bari, sannan ya fara karanto mini sunansa da na mahaifinsa da layin rumfarsa. Na ƙi rubutawa. Na shiga wani zauren hira na sa da Turanci: akwai jar albasa, mai kyau, mai yawa.

Ba a jima ba wani ya amsa, yana tambayar ƙarfinta.

"Hwaɗa mai ko ƙato ya shaƙe ta sai ya yi hawaye," in ji Kawu.

Na fassara. Mutumin ya rikice da murna, ya ce bai taɓa jin wannan sabuwar ƙwaya ba, a aiko masa giram ɗaya ya gwada. Kawu ya tambayi mene ne giram. Na shiga madafa na yanko ɗan siririn yanki na ɗora masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wanga taliki da iyali garai kuwa?"

Wani kuma a zauren ya tambaya ko mu 'yan sanda ne. Kawu ya ce in shaida masa a'a, amma surukinsa ɗan sanda ne, in yana da matsala a haɗa su. Ban so ba, ya tsare ni da ido, na rubuta. Nan take aka kore mu daga zauren.

Kawu ya miƙe ransa a ɓace, ba don korar ba, don tausayi. Ya ce in bincika masa adireshin mai giram ɗin, zai aika masa rabin buhu sadaka. Wata guda yana kirana a waya yana tambaya ko na samo. Da na gaji na ce masa mutumin ya ƙaura. Ya yi masa addu'ar Allah ya buɗa masa.