Bakaniken da Ya Saurari Kowane Nozul

Shekara ashirin da bakwai ke nan, lokacin da motoci masu nozul, wato 'yan bututun da ke fesa wa injin mai, suka fara maye gurbin masu kafireto, bakanike na farko a layin gareji da ya yarda ya taɓa injinsu shi ne dattijon da ake kira Mai Kunne. Har makon jiya da ya ajiye aiki, tsarinsa bai sauya ba: ya share rumfarsa da safe, ya jera sifanu bisa tsumma, ya hana kowa magana sai injin ya gama tasa.

Shaida ɗaya ta wadatar. Wani magidanci ya kawo tsohuwar motarsa tare da direbansa, injin yana karkarwa kamar mai masassara. An sauya fulogai sau biyu a wani wuri, a banza. Maigidan ya riga ya yanke cewa direban ne ya kashe injin da gurɓataccen mai, kuma ranar zai sallame shi.

"Ranka ya daɗe, ko alƙali ba ya hukunci sai ya ji kowa," in ji Mai Kunne. "Silinda huɗu ne, a bar su su yi bayani."

Ya ɗora doguwar sukudireba kan kowane nozul, ya kara kunne a ƙotarta. Uku suna bugawa daidai, na huɗu yana yi yana ɗaukewa. Bai gamsu ba. Ya musanya shi da maƙwabcinsa, amma ciwon ya tsaya inda yake, wato laifin ba na nozul ba ne. Sai ya bi wayar wurin da yatsa, har ya tarar da inda ɓera ya gaigaye ta.

"Ga mai laifin, a gidanka yake kwana. Shi za ka sallama."

Maigidan ya miƙa wa direban makulli. "Malam, ka yafe mini."

"Ba komai, maigida," in ji direban. "Amma a ɗauki kyanwa aiki."

Kai ne, Mai Kunne, da ba ka kwance ƙusa bisa zato. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Masu tasowa a sana'a su riƙe wannan sunna: bincike kafin hukunci.

A ranar an samu ilimi, an gyara waya taƙi ɗaya. Mota ta riƙe injinta, maigida ya riƙe amintaccen direba, direba kuwa ya koma wa iyalinsa da aikinsa da mutuncinsa.