Wuƙar da Ke Ƙamshin Lemo

Babanmu lemo yake sayarwa a ƙofar masaƙa, tun kafin a haife ni. Jarinsa tire ɗaya ne da 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, irin mai ƙotar katako ɗin nan. A zamaninsa duk lebura yana da ita saboda arha, da ita ake yanke igiya a fiƙe fensirin yara. Abokiyar talaka ake ce mata. Baba kan fere lemo ɓawon ya sauko zare guda bai tsinke ba, ma'aikata na tsokanarsa: "Tsoho, a auna mana yadi biyu."

Sai 'yan ƙwacen waya suka gano arharta. Wake ɗaya ke ɓata gari. Sunanta ya koma wuƙar ɓarayi.

Na ce, "Baba, ka sake wata mana."

Ya ce, "Uwata, me ta yi? Ita ta biya miki kuɗin makaranta."

Ranar da aka soki wani direba a bayan masaƙar, 'yan sanda suka kwashe duk mai irin wuƙar. Har da Baba, tsoho mai furfura, a gaban mutanen da suka shekara talatin suna shan lemonsa. Ko ɗaya bai buɗe baki ba. Wannan shirun ne ban yafe ba har gobe.

Da aka sake shi ya ƙi tafiya sai da wuƙarsa. Wani kofur ya turo daro cike da wuƙaƙe iri ɗaya, yana dariya.

"To Baba, zaɓi makaminka."

Baba ya durƙusa yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Ya tsaya a kan wata da wasawa ta cinye bakinta, ya miƙa wa kofur.

"Shinshina, ɗana. Jini ka ji ko lemo?"

Kofur ya kau da kai.

Baba ya koma bakin tirensa, amma an riga an ce "ai har shi aka kama." Masu saye suka koma tsallaken titi. Lemo ya yi ta yamushewa, shi ma haka. Bai ga damina ba.

Tiren yana hannuna yanzu, a ƙofar nan dai, wuƙar kuma a fili nake buɗe ta. Jiya wani tsohon ma'aikaci ya tsaya ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, mutumin kirki."

Na ce, "Amin. Ranar kana ina?"